Silinda ta Uku

Litinin, 7 ga Oktoba

Timoti na Paki ya kawo motarsa gareji. Injin yana karkarwa, silinda ɗaya ba ta cin wuta. Da motar yake kai matarsa Irene asibiti Zariya duk Alhamis. Baba yana kan bencinsa, ya karkata kai, ya ce, "Ta biyu ce. Canza filogi." Ni ta uku na ji. Amma tun kafin a haife ni yake wannan aiki a Makarfi, kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba. Na canza ta biyu. Ta ɗan lafa, ko kuwa ni na so ta lafa.

Talata, 8 ga Oktoba

Wataƙila dai kunnena ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Motar ta ƙi ja bayan Kudan, ta mutu. A motar rake aka ƙarasa da Irene, sun iske likita ya tashi. Timoti bai yi faɗa ba. "Malam Hamisu, ba komai," kawai ya ce a waya. Gara a ce ya zage ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An jawo motar gareji. Da Baba ya riga ni tafiya masallaci, na tayar da ita, na zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare sautin bai sauya ba, nan ce matacciyar. Baba ya hana ni wannan tun ina yaro, wai aikin kurame ne. Ta ɗaya, injin ya nemi mutuwa. Ta biyu haka. Ta uku, ko gezau. Na maimaita, na sake maimaitawa. Wayar ce ta tsage daga ƙasa, wuta na tsalle jikin ƙarfe.

Na tsaya riƙe da ita. Sai na tuna makon jiya an kira la'asar Baba bai motsa ba sai da na taɓa shi. Ƙanwata Hauwa'u ta daɗe tana cewa ƙarar rediyonsa ta hana su sakat. Na ce mata tsufa ne kawai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na so in sa sabuwar waya in yi shiru. Ban iya ba. Na durƙusa na miƙa wa Baba tsohuwar. Ya bi tsagar da babban yatsa, ya ce, "Ta nawa?" Na ce ta uku, Baba. Ya ce, "Iye?" Sai da na ɗaga murya, a gaban Timoti.

Da na sa sabuwar na tayar, Baba ya taso ya ɗora tafinsa a kan injin, ya daɗe. Sannan ya dube ni. "Ta daidaita?"

Bai taɓa tambayata ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Baba bai sake fitowa gareji ba, wai ƙafa. Yau kasuwa, motoci har bakin titi. Bayan magariba na zauna ta hagunsa, inda ya fi ji, na ba shi labarin kowace da abin da na yi mata. Na jira ya gyara min. Ya ce, "To, madalla," ya jawo tuwonsa.

Akwai wata da na sallama ban sake buɗe bonet na duba ba. Gajiya ce, ina jin.