Taimama a Bakin Kogi

Nguru, 14 ga Oktoba

Zuwa ga aminina Dunoma kafinta, a Gashuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kellu da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, shi ya sa na rubuto. Ka tuna ranar da ka gama yi wa jirgina ɗaki, ka ce a sa bokiti a makewayi, a riƙa zuba ɓuntun shinkafa a kai har ya bushe ya zama taki? Na yi maka dariya a gaban ma'aikatanka. Na ce wanda ya fara da kwandon kifi ɗaya har ya mallaki jirgi mai inji ba zai yi dakon kashinsa ba. Na sa mai walda ya yi mini tanki.

Kwananmu tara a fadama muna sayen kifi, tankin ya cika. Babu motar kwasar bahaya a can, kamar yadda ka faɗa. Rana ta dafa shi, wari ya fara kama bandar da na saya. Ranar Laraba da azahar na murɗe famfon tankin, na saki ƙazantar a ruwa. Wallahi na ɗauka ba kowa a bayan kwanar da kogin ya yi a wurin.

Ashe mashayar masunta ce. Mata na wanke kifi, Sarkin Ruwa Kalli ya tsuguna zai yi alwala. Ya dubi ruwan, ya dube ni. Da ma zagina ya yi! Tsohon nan ya hau gaɓa, ya dafa ƙasa ya yi taimama, ga kogi cike a gabansa. Mazan duk suka bi shi.

Shekara ashirin da biyu nake sayen kifinsu. Tun ranar ko tarwaɗa ɗaya ba wanda ya miƙo mini. Na je ban haƙuri, Sarkin Ruwa bai kore ni ba, ya dai ce kada jirgin ya sake shiga ruwansu da wannan tanki.

Na ciro shi jiya. Dunoma, ka yafe mini dariyar nan, ka zo da ma'auninka ranar Asabar. Bokitin na saya. Ɓuntu kuma buhu biyu, ni na ɗauko su a ka, ta tsakiyar kasuwa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abdulganiyu mai kifi