Sunanka Kaɗai Ya Rage a Asusun Mama

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa daga Dayton. Ina fata kana lafiya, kai da Marlene da yara, Allah Ya ƙara muku juriyar sanyin Alaska. Mu nan da sauƙi, sai dai Mama ta kusa ƙure ni.

Ka san halinta da asusun ritayarta. Wanda duk ya ɓata mata rai, sai ta kira kamfanin ta ce a cire sunansa daga masu gado, in ta huce ta mayar. Shekarun baya dariya muke yi. Ƙaninmu Otis ta cire shi ranar Bikin Godiya na shekara-shekara don ya ce talotalon da ta gasa ya bushe, kuma wallahi ya bushe. Ni kuwa nawa ya fita watan jiya, ranar da likita ya ce kada ta ƙara tuƙi, na karɓe mukullan motarta.

Yanzu abin ya wuce wasa. Mantuwarta na ƙaruwa, likita ya ce nan gaba kaɗan ba za a ƙara karɓar sa hannunta ba. Sunan da ke wurin a ranar shi zai ci, wasiyyarta ma ba ta isa ta canza shi ba. Kuma sunanka kaɗai ya rage. Otis da ciwon bayan nan ba aiki zai iya ba, gidanta ne gidansa, in ta tafi ban san inda zai sa kansa ba. Na san za ka ce za ka raba, amma na gaji da jingina rayuwarsa a kan alkawari.

Jiya ina yanke mata farce na roƙe ta ta mayar da shi, ko ni ta bar ni a waje. Ta janye hannunta ta ce, "Wendell ɗina bai taɓa hana ni komai ba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina za ka hana ta, kana can kana aiko katin gaisuwa sau biyu a shekara?

Ka kira ta Lahadi ka ce ta mayar da Otis, maganarka kaɗai take ji. Ka gaida Marlene, da Cody da Tess ƙarama.

Mukullan motar suna cikin ambulan ɗin nan. In ta sake tambaya, zan ce suna wurinka, kai ma ka ɗanɗana hana ta.

Ƙanwarka,
Darlene