Kalmar da Ta Hana Inna Cin Abinci

Ƙanwata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Ki daina hawa bene da gudu kamar 'yar makaranta, ke ma fa girma ya zo.

Ƙyallen da kika aiko na murnar cikar Inna shekara ɗari ya iso, har an rataye shi a falo. Hotonta ya yi kyau, amma kalmar nan da kika sa aka rubuta a ƙarƙashinsa, centenarian, ita ta jawo mana aiki. Inna ta ga rubutu, ta ce a kira mata malamar Turancin gidan. Kin san halina, na daɗe da barin aji, amma da an tambaye ni kalma sai in ji kamar alli na hannuna. Na gyara zama, na ce mata asalinta daga Latin ne, centum, wato ɗari, tushensu ɗaya da century, ƙarni. Na ce ba a kiran mutum da ita ido da ido, an fi rubuta ta a jarida, don masu kaiwa nan ba su da yawa. Bakina bai tsaya ba, har da ƙarawa da cewa irinsu sun riga sun binne sa'o'insu.

Sai ta ce ashe Turawa ma sun raɗa wa wanda aka bari shi kaɗai suna.

Tun ranar ba ta cin abin kirki. Shayi ma kurɓa ɗaya take yi ta ture. Likita ya duba, ya ce bai ga ciwo ba. Jiya ina shafa mata mai a ƙafa take ce mini duk wanda ya shigo ɗakinta durƙusa mata yake, ita kuwa ta manta rabon da ta gaida wani. Wallahi tsoro nake ji, ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Mutum ɗaya ya rage wanda ya girme ta, yayanta, Kawunmu. Na roƙi ɗansa ya kawo shi, ya ce hanyar ta yi wa tsoho nisa. Ke yake jin kunya, tunda ke kika goye shi. Ki kira shi, kuma kar ki tsaya lallashi.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki,
Malama

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Ban san abin da kika gaya wa ɗan Kawu ba, amma ya iso yana gumi yana ba da haƙuri.

A kan kujera aka shigo da Kawu. Ido ya tafi, kunne saura kaɗan, baki kuwa yana nan yadda kika san shi. Da aka karanta masa kalmar ƙyallen aka fassara, cewa ya yi shi ya daɗe da zama wannan abin, ba wanda ya rataya masa ko tsumma.

Jikoki sun cika falo, waya a hannu, suna jiran a yi kuka. Kawu ya lalubo fuskar Inna, ya shafa, sai ya daka mata tsawa. Wai ya sha hanya, ita tana zaune ta miƙe ƙafa, ba za ta tashi ta kawo wa yayanta ruwa ba?

Yara suka zabura za su ɗebo, ta ɗaga musu hannu. Ta dafa sandarta, ta miƙe, ta nufi kicin da kanta. Ina biye da ita, hannuwana a buɗe. Ta dawo da kofi, rabin ruwan a zaninta. Ta rusuna iya yadda gwiwa ta yarda, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sha, ya ce tun tana ƙarama haka take, ba ta taɓa kawo ruwa cikakke ba. Ita kuwa sai dariya take, dasashi a waje.

Da aka kawo abinci ya ce in ta rage ko loma zai sani. Ta cinye tas. Ni dai fita na yi bayan ɗaki, na yi kukana, na gode wa Allah.

Ki aiko da bargo mai kauri, Kawu ya zauna ke nan. Ɗansa ya so ya yi gardama, tsohon ya ce ba inda zai je ya bar yarinyar nan ba mai kwaɓarta.

Kowa na gaishe ki, Inna ta fi kowa.

Yayarki mai kewarki,
Malama