Ka Bar Sanda a Tsakiyar Gulbi

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa. Da can sai in ce ina fata kana lafiya, yanzu kuwa sai dai in ce ina fata kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da wuya ka kai ƙarshenta, kai da kake cewa duk wanda saƙonsa ya cika fuskar waya ba shi da gona. To ka yi haƙuri da ni yau. Ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke raina in ba kai ba.

Yaya, gobe da safe zan shiga kwalekwale in haye gulbi, ta mashigar da ta cinye ka. Tsoro nake ji.

Shinkafarka ta nuna. Waɗanda suka je ƙetare sun ce ta yi kyau har kai ya sunkuya, amma ruwa yana ƙaruwa, kuma ana ta raɗe-raɗin za a sako wani daga madatsar ruwa. In ba a yanke ta cikin kwanakin nan ba, kifi ne zai ci. Ka san ita ce abincin gidan nan na shekara, na Inna da matarka Kulu da 'yar jaririyarku. Masu yanka sun yarda za su je, sai dai sun ce dole ɗan gida ya bi su ya nuna iyaka, kada su shiga ta maƙwabci a yi rigima. Wa ya san iyakar in ba ni ba? Ni ka goya a babur da rani, lokacin da gulbin bai kai gwiwa ba, ka zagaya da ni kana nuna mini. Ina ta ƙorafin rana, kai kuwa kana cewa ɗan boko ma yana cin tuwo. Shi ya sa na rufe ɗakina na Gwadangaji a Birnin Kebbi, na bar karatu, na dawo Argungu.

Kuma ka san ban iya ruwa ba. Ɗan Argungu guda, abin kunya! Tun ina ƙarami aka kai ni Birnin Kebbi karatu, lokacin da sa'o'ina ke koyon nutso ni ina koyon hawan keke. Kai kuwa a ruwa ka tashi, kana iya kamo kifi da hannu. Shi ne abin da ke tsinka mini zuciya. Idan ruwan nan ya iya riƙe ka, ni me zai yi da ni?

Inna ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Tun da na faɗa mata take share tsakar gidan da ta riga ta share. Kulu tana takaba, ta rame, magana sai in ta kama. Jaririyar ta fara rarrafe, kuma goshinka ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙuri. Akuyar nan da kake kira ma'aikaciyar gwamnati, saboda tana fita da safe ta dawo da yamma ba a san abin da ta yi ba, ta haifi biyu. Ka ga ashe tana aiki.

Gidan ya yi shiru, Yaya. Ban san surutunka ne ke riƙe da katangar ba sai yanzu. Babu mai tsayar da mu a kan tabarma ya yi mana bayanin cewa albasa ta fi tumatir gaskiya, don ita a gabanka take sa ka kuka, shi kuwa tumatir yana maka murmushi cikinsa a ruɓe. Babu mai hana mu zama kusa da direba a keke mai ƙafa uku, wai duk wanda ya zauna nan ya zama abokin tarayya a gangancin da za a yi. Ranar da ka zo wurina a Gwadangaji muka sha shayi, har yau mai shayin yana tambayata ina yayan nan nawa da ya ce wanda ke tsoma burodi a kofi ba a ba shi ajiyar sirri.

Amma duk ba su kai ra'ayinka a kan mutanen cikin gem ba. Kowa yana buga wasa a waya don ya ci, kai kana bugawa kana yi wa jama'ar ciki shari'a. Jarumin da ke faɗawa gidajen mutane ba sallama yana fasa musu tukwane, ka ce ba jarumi ba ne, rashin tarbiyya ne da takobi. Ƙaton dodon da ake zuwa kashewa a ƙarshe, ka ce bawan Allah yana zaune gidansa baƙo ya zo masa da faɗa, wa ya fi wani laifi? Wanda ka fi tausayi shi ne mai shagon nan da ke tsaye wuri ɗaya, ba ya zuwa salla, ba ya cin abinci, ba a taɓa tambayarsa iyali ba. Sai ka riƙa shiga shagonsa ba don ka sayi komai ba. Na tambaye ka dalili, ka ce mini, "Mutum na, Nasiru. Ko ba ka sayen komi, ka leƙa shi." Mun yi dariya har Kulu ta ƙone miya.

Ga kuma maganar rai uku. Ka ce wanda ya ƙirƙiro a ba mutum rai uku a gem bai taɓa noman fadama ba, don shi ya sa yaran yanzu ke tuƙa babur kamar suna da biyu a aljihu. Wannan maganar ita ke ta yi mini yawo a kai tun jiya.

Ka tuna Sanda? Ɗan mutumin nan na cikin gem ɗin da ka fi so, mai wando da faci da kwando a baya, wanda ke ɗaukar kaya a kwalekwale daga gari zuwa gari. Ba sunansa ke nan ba, kai ka raɗa masa, wai ya yi kama da wani tela da ya taɓa ɓata maka riga. Ba ka taɓa kashe waya ka bar shi a hanya ba. Ko Inna na kira, ko tuwo na hucewa, sai ka tuƙa shi zuwa gaɓa, ka taka da shi har ƙofar bukkarsa, ka tsayar da shi ƙarƙashin itacen nan, sannan ka ajiye. In na yi maka tsiya sai ka ce, "Ba a barin mutum tsaye rana. Kai shi inuwa, kak ka zan azzalumi."

Ɗazu bayan azahar Kulu ta kira ni, ta miƙo mini wayarka a naɗe cikin kallabi. Ta ce ranar da abin ya faru kana karyawa kana latsawa aka aiko cewa kwalekwale zai tashi, sai ka jefa ta kan katifa ka fita da gudu, ko kokon ba ka shanye ba. Tun ranar ba ta iya taɓa ta ba. Na kai caji, na kunna, na buɗe gem ɗin.

Yaya, Sanda yana tsakiyar gulbi.

Nan ka bar shi. Yana tsaye cikin kwalekwalensa da sandar tuƙi a hannu, ruwa na wucewa ta gefensa, yana ɗan jujjuya kai kamar mai jiran a kira shi. A saman fuskar wayar kuma rai ɗaya ya rage masa. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Duk tsawon makokin nan, da masu gaisuwa da addu'o'i, bawan Allah yana can cikin ruwa yana jiranka. Sau ɗaya tak ka karya dokarka, ranar da kai ma ba ka dawo ba.

Na san camfi ba kyau, kuma na san mutum ba ya wuce lokacinsa. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma zuciya ba ta jin karatu. Sai na ga kamar ni ne a cikin kwalekwalen, in na latsa ya nutse to an gaya mini labarin gobe ke nan. Na ajiye wayar, na ɗauka, na sake ajiyewa. Na ce bari in kashe in mayar wa Kulu. To in bar shi a nan har yaushe? Me zan ce maka?

Bayan la'asar na shige zaure, na yi bisimilla na kama. Ka san ban iya ba, kai kanka ka ce hannuna na riƙe biro ne kawai. Gumi na sa fuskar wayar santsi. Kwalekwalen ya juya ya ba gaɓa baya. Wani gungume ya taho, na kauce da ƙyar, ya goge mu ta gefe har Sanda ya durƙusa. Na ji kaina ina salati da ƙarfi, ina ce masa ya riƙe, kamar yana jina. Ruwa ya ja mu ƙasa nesa da mashiga, na daina neman mashigar, na nufi duk inda na ga ƙasa. Da hancin kwalekwalen ya daki yashi, ban san lokacin da na fashe da kuka ba, irin kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo labarinka.

Na sauke shi, na bi da shi ta gefen ruwa a hankali har bukkarsa. Mun biya ta wurin mai shago, mun leƙa shi. Yanzu Sanda yana ƙarƙashin itacensa.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan daram. Na samo jarka babu komai a ciki, na ɗaure murfin da leda, zan ɗaura ta a ƙugu da igiya don ta taso da ni in na faɗa ruwa. Na san da kana nan da ka samu abin faɗa na shekara guda. Masu yanka ma za su yi dariya, su yi ta yi. Ni rai ɗaya gare ni, kuma mutum uku ke jiran shinkafar nan.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk dariyar da nake yi maka, ban taɓa ɗaukarka mai shirme ba. A makaranta ina maimaita maganganunka, abokaina suna cewa ina da kai, ni kuwa na san inda na samo. Ina alfahari da kai, Yaya. Me ya hana ni faɗa tun kana ji?

Abu na ƙarshe. Ka san masunta ne suka same ka a ƙetare bayan kwanaki, kuma yadda ruwa ya taɓa ka bai bari a kawo ka gida ba. A can suka yi maka sutura, a kan tudun da ke kusa da gonarka. Ban taɓa zuwa ba, tsoron ruwa ya hana ni. Na tambayi wanda ya je yadda wurin yake, ya ce fili ne fetal, ko kara babu. Kai da ba ka iya barin ɗan mutumin waya a rana, kai ne kwance a rana tun ranar.

Na tono ɗan dogonyaron nan da ya fito a bayan ɗakin Inna, na sa shi a gwangwani da ƙasarsa. Gobe jarka tana ƙugu, shi yana kan cinyata. Na kai Sanda gida. Kai ba zan iya kawo ka gida ba, amma in Allah Ya haye da ni zan kawo maka inuwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Sai na iso.

Ƙaninka mai tsoron ruwa,
Nasiru