Jarumin da ka bari a bakin wuta

Zuwa ga ƙanena Bukar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin amincin Allah, a duk inda kake.

Tun ranar da ka tsallaka kogin Komadugu don duba gonar tattasai ba ka dawo ba, ni ke riƙe da na'urar wasanka ta hannu. Tana cikin akwatina, naɗe da ɗankwali. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya zo nan Diffa sai in sa mata sharji, kada ta mutu a hannuna.

Ka san ban taɓa son wasan nan ba. Gari ƙonanne, matattu na yawo da takubba, dodanni masu ƙaho. Nakan yi a'uziyya in kau da kai. Kai kuwa kana zaune a bakin rumfa, lokacin zamanmu a sansanin gudun hijira na Assaga, a kashe jaruminka, ya tashi a gindin wata 'yar wuta, ya koma a sake kashe shi. Na ce maka mutum ba ya tashi sai ranar ƙiyama. Ka yi dariya ka ce, Yaya, shi wannan aƙalla ana barinsa ya koma gonarsa.

Ka kuma ce in dai yana zaune a bakin wutar, ba abin da ke taɓa shi. Nan ka bar shi.

Kawu Modu ya ce a raba kayanka. Na ce ba a raba kayan wanda ba a ga gawarsa ba, haka aka karantar da mu. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mara lafiya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Yagana, 'yarka, ta girma, Bukar, har ta fi ni tsawo. Ta roƙe ni na'urar. Na yi tsammanin sabon wasa za ta fara ta shafe naka, sai ta ce a'a, daga inda Baba ya tsaya za ta ci gaba. Na daɗe ina juya maganar, don amana ce, ba tawa ba, kuma ba ka nan balle in tambaye ka.

Jiya bayan la'asar na ba ta. Na zauna kusa da ita, ban kau da kai ba. Ta ta da jaruminka daga bakin wutar. Ashe ita ma cije leɓe take yi in dodo ya taso, kamar kai.

Idan ka dawo ka tarar ya wuce inda ka bar shi, ni ce na ba da izini. Da ni za ka yi faɗa.

Allah ya ajiye ka inda ba abin da zai taɓa ka. In kana raye ya nuna maka hanyar gida, in kuma ka riga mu, ya haskaka makwancinka.

Yayarka,
Falmata