Hauwa ta gyara mini lissafi

Daren Laraba, unguwar Gorton

Yau na yi kuskure a lissafin da nake koya wa 'yata Hauwa. Ta gani ta yi shiru, sai a littafinta na tarar da amsar daidai.

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Mama, ke kika ce ba a musu da babba."

Ni na faɗa kuwa. Tunda aka rufe laburaren unguwa inda ake yi mata ƙarin darasi, ni kaɗai ce malamarta bayan makaranta, ga shi baɗi za ta shiga sakandare.

Na sauko mata da littafin amsoshin da nake ɓoyewa saman firij. Bayan la'asar ta sake kama ni, wannan karon da baki: "Mama, ba haka ba ne."

Wallahi ban taɓa jin daɗin musu irin na yau ba.