Allon Sinadarai a Ajin Kawu Mutari

Kirkissoye, 4 ga Nuwamba

Safiatou,

Bayan gaisuwa. Na rubuto ne tunda ba kya ɗaga wayata.

Jiya na shiga ajina na tarar direkta ya manna zanenki a bango, wai jadawalin sinadarai. A gidan ƙarfe kin zana ƙusa, a gidan zinariya ɗan kunne, a gidan sodiyom gishirin Bilma. Shekara ashirin da shida ina koyar da shimi, ilimin sinadarai, da alli, sai yau yarinyar da ta ci huɗu bisa ashirin a hannuna za ta mayar mini da aji rumfar atamfa ta Babbar Kasuwa? Ki zo ki kwashe kayanki.

Ki gaida mahaifiyarki.
Kawunki, Mutari

Saga, 9 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi, ya aiki?

Huɗun nan ban manta ba. Ban kuma manta ranar da ka ce a gaban aji kaina ƙwarya ce ba komai ciki. Shekara uku ina kallon bayanka kana rubutu, ba ka taɓa gaya mana sodiyom na cikin miyar da muke sha ba. Sai da na zama mai zane na sani.

Direkta ne ya nemi aikin. In ya tsone maka ido, ka cire da hannunka.

Allah ya ƙara girma.
Safiatou

Kirkissoye, 20 ga Nuwamba

Safiatou,

Gaisuwa. Na cire shi. Yara suka yi ta ƙorafi, direkta ya sa aka mayar. Yanzu ba sa barina in yi darasi. Wannan ya ce me ya sa ƙusa ke tsatsa, zinariya ba ta yi; wancan ya ce ina yuraniyom na Arlit yake zuwa. Surutu kawai.

Kuma aikinki da kuskure. Lambar jan ƙarfe ashirin da tara ce, kin sa ashirin da takwas.

Kawunki

Saga, 22 ga Nuwamba

Kawu,

Ina wuni. Na duba, gaskiyarka ce. Idonka bai tsufa ba.

Safiatou

Kirkissoye, 24 ga Nuwamba

Safiatou,

Ba ni na gani ba. Hajjo ce, wata ɗaliba da ke zama can baya, wadda tun da aka buɗe lekol aka fara karatun bana ban ji muryarta ba. Ta zauna ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da littafinta.

Ki zo ran Asabar ki gyara. Ta ce tana son ganinki.

Ki huta lafiya.
Kawunki, Mutari